Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'o'in Arewa: Kada Manhaja Ta Cinye Ɗakin Ba Ɗalibai Shawara

Zuwa ga Shugabannin Jami'o'in Arewacin Najeriya,
da Shugabannin Sassan Kula da Harkokin Ɗalibai.

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malama ce a ɗaya daga cikin jami'o'in da kuke shugabanta. Ban da koyarwa, an ɗora mini kula da rijistar ɗaliban aji guda da bin sakamakonsu har su fita. Duk malamin da ya taɓa riƙe wannan aiki ya san ɗalibi kan shigo ofis da maganar kwas ɗin da ya faɗi, amma kafin ya tashi sai ka gane ba kwas ɗin ne ya kawo shi ba. Wannan ne ya ba ni bakin rubuto muku.

Akwai maganar da ta fara yawo a tarurrukanmu, kuma na san ta iso teburinku ko tana hanya. Ana cewa tunda kusan kowane ɗalibi yana riƙe da waya, masu ba da shawara kuma sun yi kaɗan, me zai hana a mayar da aikin kan intanet? A sayi manhaja, ko a ƙulla yarjejeniya da wani kamfani, ɗalibin da fargaba ta dama ya shiga ya yi magana daga inda yake. Ba na adawa da hanyar waya, zan ma roƙe ku ku buɗe ta. Abin da nake tsoro shi ne dalilin da zai sa a so ta. Manhaja ta fi albashin mutum araha, ba ta neman ofis, ba ta tafiya yajin aiki, ga ta da daɗin ƙaddamarwa a gaban 'yan jarida. In aka saye ta don a huta da ɗaukar ma'aikata da gyara ɗakin ganawa, ɗaliban da suka fi kowa buƙata su ne za su tashi a tutar babu.

Fargabar da nake nufi ba faɗuwar gaban safiyar jarrabawa ba ce, wadda da an miƙa takarda ta wuce. Ina nufin wadda take zama ciwo. Yaro ya wuni ya kwana cikin zullumi wata da watanni, ya kasa barci, ya kasa haɗiye abinci, ya karanta shafi ɗaya sau biyar bai riƙe komai ba. Wata tana zaune a lakca sai zuciyarta ta hau bugu, numfashi ya sarƙe, hannu ya ɗau rawa, ta tabbata ajalinta ne ya zo, bayan 'yan mintoci abin ya lafa. Daga ranar kuma ta shiga tsoron dawowarsa, ta daina shiga duk ajin da ƙofarsa ke da nisa da kujerarta. Wani ya fi kowa sanin furojet ɗinsa, amma ya gwammace ya maimaita shekara da ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da irin wannan ciwo a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A 2022 ta ce fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta korona. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna kashi uku cikin huɗu na cututtukan ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 24. Ku dubi shekarun waɗanda ke cika ɗakunan lakcarku.

Masu cewa wannan ciwon Turawa ne, ko shagwaɓar yaran zamani, ina tuna musu cewa tun 1960 wani likita ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, da ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta bayanin ɗaliban Najeriya da ke zuwa da kukan zafi a ka, da jin kamar wani abu na yawo a ciki, da dishi-dishin gani, da kasa fahimtar abin da suke karantawa. Har gobe da waɗannan kalmomi ɗalibanmu ke zuwa. Ba mai cewa yana da ciwon fargaba. Cewa suke yi, "Malama, ƙirjina ke zafi," ko "karatun ba ya zama," ko "jikina ne duk ba ƙarfi." Sai a yi ta ɗirka musu maganin taifod da na olsa, zango ya ƙare, a koma gida a fara neman wanda ya yi musu sammu.

Ba sai na ɓata muku lokaci da lissafa abin da ke damun ɗalibin Arewa ba, kun fi ni sani. Yajin aikin 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas cif, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Kuɗin makaranta da na mota da na abinci sun tashi tun cire tallafin mai a 2023. An kwashi ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka da jami'ar Greenfield a 2021, an kashe biyar daga na Greenfield. An shiga gidajen ɗalibai a Sabon Gida kusa da jami'ar tarayya ta Gusau a Satumbar 2023, bayan 'yan kwanaki aka ɗauki ɗalibai mata a Dutsin-Ma. Yarinyar da ke kwana da takalmi a kusa da kai don ko ta kwana, ba za a ce tsoronta na banza ne ba. Sai dai jikin da ya saba da zaman ɗar-ɗar ba ya sakewa don kawai an wayi gari lafiya.

To, mu ba hanyar intanet haƙƙinta, don tana da shi. Masana a Suwidin, irin su Gerhard Andersson da Per Carlbring, sun shafe shekaru suna gwada hanyar nan ta gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT ta intanet. A 2018 suka tattara bincike 20 da suka ƙunshi mutum 1,418, inda aka kwatanta masu karɓar magani ta intanet da masu zama gaba da gaba da ƙwararre, aka ga sakamakon kusan ɗaya ne, har da na ciwon firgici da na tsoron shiga jama'a. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma duk kamfanin da ya zo tallar manhaja zai karanto muku ita.

Abin da ba lalle ya karanto ba shi ne yadda aka yi gwajin. A irin waɗannan gwaje-gwaje sai an tantance mutum an san ciwonsa kafin ya fara, sannan yawanci akwai ƙwararre a bayan allon da ke karanta abin da ya rubuta kowane mako, ya ba shi amsa, ya neme shi in ya yi shiru. Wato mutum na nan, hanyar isa gare shi ce ta sauya. Manhajar da aka bar mutum da ita shi kaɗai kuwa labarinta daban ne: wani nazari na 2019 kan manhajojin lafiyar ƙwaƙwalwa da jama'a ke saukewa da kansu ya gano bayan kwana talatin, kusan uku cikin ɗari ne kawai ke ci gaba da buɗe su. Don haka in aka ce muku ɗalibai dubu biyar sun sauke manhaja, ku tambayi nawa suka kai mako na huɗu.

Inda waya ta fi ɗaki a wurinmu shi ne kunya da tsoron baki. A jami'o'inmu da dama, ofishin ba da shawara yana cikin ginin hukuma ne, da allo a ƙofa, kusa da inda ake kai wanda aka kama da satar amsa. Ɗalibai sun ɗauke shi wurin da ake tura mai laifi. Budurwar da aka gani tana shiga, kafin magariba labari ya kai hostal cewa ko ciki ne ko taɓin hankali, kuma ta san irin wannan magana kan bi mace har ranar da aka zo neman aurenta. Saurayi kuwa tun yana ƙarami aka gaya masa namiji ba ya kuka. Irin waɗannan za su iya rubuta saƙo da tsakar dare su faɗi abin da ba za su iya furtawa a gaban mutum ba. Haka matar aure mai goyo da ke zuwa lakca daga cikin gari ta koma da wuri, da ɗalibin da yajin aiki ko hutu ya mayar ƙauyensu wata uku, da wanda ya fara ganawa ya ji sauƙi yana son a ci gaba ba tare da ya biya kuɗin mota ba. A wurin waɗannan duka waya rahama ce. A ganina matsayinta matsayin zaure ne: nan baƙo ke yin sallama a san da zuwansa, wasu ma buƙatarsu a nan take biya su juya, amma ba a gina zaure a ce an gama gida.

Ku fara duba inda ɗalibin zai zauna ya yi maganar. Baturen da aka yi gwaji da shi yana da ɗakinsa, ya rufe ƙofa. Ɗalibarmu tana ɗakin da aka gina don mutum huɗu, su takwas ne ko goma a ciki, wata na dafa indomi, wata na waya da saurayi, wata na kallon fim. Ina za ta buɗe bidiyo ta ce tana jin kamar ta mutu? A bayan hostal, cikin duhu da sauro? In ta koma gida, ga ƙanne, ga uwa da za ta tambayi da wa ake magana ƙasa-ƙasa. Matar aure kuwa wayarta ba lalle tata ce ita kaɗai ba. Akwai mazan da ke bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya, kuma wani lokaci mijin ne ma tushen fargabar. Ɗaki mai ƙofa a cikin makaranta, ga wasu ɗaliban, shi ne kaɗai wurin da za su yi minti arba'in ba kunnen kowa.

Sai kuɗin data da caji da sabis. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibin da ke lissafin ko ya ci abincin rana ko ya yi fotokwafi, ba zai ƙona data a ganawar bidiyo ta kusan awa guda kowane mako ba. A Oktobar 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda ba wutar lantarki. A Satumbar 2021 gwamnati ta datse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Lokacin da tsoro ya fi yawa a yankin, lokacin ne waya ta mutu. Ko a ranar da komai ke lafiya, ku kwatanta yaron da ya yi wata biyu yana tattara ƙarfin hali, ya buɗe baki ya fara faɗin abin da aka yi masa yana ƙarami, sai murya ta ce masa, "Ban ji ka ba, maimaita."

Akwai kuma abin da sai ido. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a wannan aiki har jiki ake tambaya. Wanda ya zauna da ɗalibi zai ga ramar da ya yi, da rawar hannu, da tabon yanka da aka rufe da dogon hannun riga, da idon da ya kwana biyu bai runtsa ba. Bugun zuciya da gumi da rama ba kullum fargaba ba ne. Ciwon maƙoƙo mai sa sinadarin wuya ya yi yawa yana kawo su, ƙarancin jini yana kawo haki da bugun zuciya, yawan kofi da lemon ƙara kuzari da ake sha don karatun dare ma haka. Waɗannan sai an auna, an ɗebi jini. Ga kuma maganar da ba ma son yi: ɗalibai da yawa sun riga sun fara yi wa kansu magani. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Yarinyar da ke shan ƙwayar barci daga kemis don ta samu ta runtsa, ko yaron da ke haɗiyar tiramol kafin ya shiga taro, ba za su rubuta wannan a fom ɗin manhaja ba. Kuma wanda jikinsa ya saba da ƙwayoyin barci irin su diyazefam, yanke su lokaci guda na iya jawo masa jijjiga. Wannan aikin likita ne, a asibitin makaranta.

Wani abu kuma da ya keɓanta da fargaba, wanda ya sa ban yarda a yi mata kuɗin goro da sauran matsaloli ba: abincinta shi ne gudu. Mai tsoron jama'a ya ƙi zuwa aji, ya ji sanyi a ransa, gobe tsoron ya ƙaru. Maganin da aka fi tabbatar da ingancinsa shi ne a riƙa tunkarar abin tsoron sannu a hankali, mataki bayan mataki, har jiki ya gane ba abin da zai faru. Ana iya tsara wannan ta waya, ƙwararre ya ba da aiki ɗalibi ya je ya yi ya dawo da labari. Amma in ba a yi hattara ba, wayar da kanta sai ta zama sabuwar maɓoya: ya kashe kyamara, ya ƙudundune a gado, ya yi wata shida yana "karɓar shawara" bai taka ƙofar aji ba. Ga irin wannan yaro, sa takalmi, ratsa filin makaranta, gaida masinja, zama gaban baƙo a haɗa ido, rabin maganin ke nan. Mai ba da shawara da ke cikin makaranta zai iya ma raka shi har babban ɗakin lakca lokacin da ba kowa, su zauna a kujerar tsakiya har bugun zuciyar ya sauka.

Mafi nauyi ita ce ranar da abu ya ɓaci. Ƙarfe biyun dare ɗaliba ta rubuta cewa ta sha wani abu. Wanda ke amsa mata yana Legas, ko ma wata ƙasa, ko kuma ba mutum ba ne, na'ura ce mai haɗa zance. Bai san sunan hostal ɗin ba, bai san lambar matron ba, bai san ko motar asibiti na da mai ba. Wa zai ƙwanƙwasa ƙofarta, kuma cikin minti nawa? Duk yarjejeniyar da ba ta amsa wannan da sunan mutum da lambar waya ba, kada ku sa mata hannu. Ku kuma tuna dokar Penal Code da Arewa ta gada tun 1960 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, a sashe na 231, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Ɗalibanmu na shari'a sun san sashen, sauran ma sun ji ƙishin-ƙishin. Wanda yake tsoron a miƙa shi ga 'yan sanda ko a kore shi, da wuya ya bar shaida a rubuce. Ya kamata kowace majalisar jami'a ta fito fili ta rubuta cewa ɗalibin da ya kai wannan hali asibiti za a kai shi, ba gaban kwamitin ladabtarwa ba.

Wannan ya kawo ni kan sirri. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, ɗaya daga manyan masu ba da shawara ta intanet a duniya, ya amince ya biya dala miliyan 7.8, bisa zargin ya miƙa bayanan masu neman taimako ga irin su Facebook da Snapchat don talla, bayan ya yi musu alkawarin sirri. A Finlan, a 2020, aka gano an sace bayanan ganawar mutum kusan 33,000 daga cibiyar Vastaamo, ɓarawon ya riƙa aika wa marasa lafiya saƙo ɗaya-ɗaya cewa su biya ko ya tona. Can ma yawancin ganawar gaba da gaba aka yi, bayanan ne aka ajiye a kwamfuta ba tsaro, don haka gargaɗin ya shafi fayil ɗin ofishinku ma. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ku tambayi kamfani: ina ake ajiye hirar, wa ke iya karantawa, yaushe ake gogewa, me zai faru da ita ranar da kamfanin ya rushe? Mu da muka ga yadda manhajojin ba da bashi suka riƙa aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar mutum, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Na san amsar da za ku ba ni: ina ma'aikatan? Gaskiya ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma suna ta ficewa waje. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau sun cika sun batse. Amma yawancin ɗaliban da nake magana a kansu ba likitan ƙwaƙwalwa suke buƙata da farko ba. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiyar unguwa, suna zama da mutane a kan benci a harabar asibiti, zama shida, suna bin tsarin warware matsala daki-daki. Sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida, kashi 12 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun fargaba, alhali a rukunin da bai zauna a bencin ba kashi 48 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsari mai zama biyar da wanda ba likita ba zai iya koya, an gwada shi a Peshawar da Nairobi ya yi aiki. Tana da wani na waya kuma da aka gwada a Lebanon, har da 'yan gudun hijirar Siriya: darasi biyar a waya, sannan mataimaki da aka horar ya tuntuɓi mutum kamar minti goma sha biyar kowane mako. Ko a can ba a cire mutum ba.

Mu kuwa me muka rasa? Muna da sassan koyar da aikin ba da shawara a tsangayoyin ilimi, da na nazarin halayyar ɗan Adam, da na aikin jinya, muna yaye ɗaruruwa kowace shekara suna yawo da takardu. Tun 2022 akwai dokar da ta kafa majalisar yi wa masu sana'ar ba da shawara rijista. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Kuma a ƙasar nan ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, tun 1954, ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da Aro tare da danginsu, ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin maimakon ya kore su, duniya ta zo koyo. Darasinsa ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibinmu kafin ya zo wurin kowa ya riga ya je wurin limami ko fasto, ko amirar ƙungiyar ɗalibai Musulmi, an yi masa tofi ko ruƙiyya ko addu'a. Ba na son a raba shi da wannan, yana samun natsuwa a ciki. So nake a zauna da limaman masallatan makaranta da limaman coci a nuna musu alamun da in sun gani za su ce, "Za mu ci gaba da addu'a, amma tashi in raka ka asibiti." A kuma roƙe su su daina gaya wa mai ciwo cewa raunin imani ne, don wannan kalma ta mayar da yara da yawa cikin ɗaki. Manhajar da aka rubuta da Turanci a wata nahiya ba ta san malamin ruƙiyya ba, ba ta kuma jin Hausa ko Kanuri ko Fulatanci ko Tibi, alhali mutum kan iya rubuta jarrabawa da Turanci amma kuka da harshen uwa yake yi.

Ga abin da nake roƙo. Kowane harabar jami'a ya samu ɗakin ganawa a wurin da shigarsa ba ta tona asiri, kamar cikin asibitin makaranta inda mai zazzaɓi ma ke shiga, a raba shi da ofishin tsaro da na ladabtarwa, rabuwar gini da ta fayil. A sa mace da namiji, domin akwai ɗalibar da ba za ta taɓa keɓewa da namiji a ɗaki ba, kuma tana da gaskiyarta. A buɗe har bayan isha'i a lokacin jarrabawa. Sannan a buɗe layin waya, amma waɗannan mutanen na cikin ɗakin su ne za su riƙe shi, yadda wanda ya fara da saƙo zai tarar da muryar da ya sani ranar da ya yarda ya zo. A fifita kira da rubutaccen saƙo a kan bidiyo, kuma kuɗin ya zama na jami'a: ɗalibi ya yi filashin, a kira shi. Duk wanda zai ci gaba ta waya, a so a gan shi ido da ido ko sau ɗaya a farko, nas ko likita ya duba shi, a cike 'yar takardar nan mai tambaya bakwai ta GAD-7, wadda ke auna fargaba, don a san inda aka fara, a kuma rubuta inda yake kwana da wanda za a kira in ta ɓaci. Wanda ya ƙi zuwa kada a rufe masa layi, a ci gaba da lallashi. Mai tunanin halaka kansa, da mai shan ƙwaya, da wanda ya daina fita kwata-kwata, waɗannan ba a bar su a waya kaɗai.

Kuɗin fa? Kowane ɗalibi yana biyan kuɗin asibiti a rijista, ga kuma inshorar lafiyar ɗaliban manyan makarantu ta TISHIP. Ku sa a fito muku da lissafin nawa ne daga ciki ya tafi ga lafiyar ƙwaƙwalwa a zangon da ya wuce. In har asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund zai iya gina babban ɗakin taro, ɗaki biyu masu ƙofa da labule ba za su gagara ba. Wani gyaran ma ba ya cin ko kwabo: ɗalibin da likitan makaranta ya tabbatar firgici ne ya fitar da shi daga ɗakin jarrabawa, a ba shi damar sake zama kamar yadda ake ba wanda ya yi haɗarin mota, maimakon a rubuta masa faɗuwa ya ɗauki kariyoba, wadda ita ce za ta ninka masa ciwon a zango mai zuwa.

Ina roƙon a kai wannan magana zaman majalisar jami'a kafin a buga littafin jagorar sababbin ɗalibai na bana, don lambar dare da wurin ɗakin da sa'o'in buɗewa su shiga shafin farko, a kuma liƙa su a ƙofar kowane hostal da wurin masu gadi. A gayyaci wakilan ɗalibai, mata da maza, su zauna a zaman, kuma a ji ta bakinsu kafin a ji ta bakin mai tallar manhaja.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Taku,
Wata malamar jami'a daga Arewa.